Ranar da Yayana Ya Yi Gudu

Daga Allah muke, gabansa kuma za mu taru. Yayana ya riga mu ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa na Safana, kansa a kan cinyar babban ɗansa. Kafin mu dawo daga maƙabarta ƙofar gida ta cika, har sai da aka aro tabarmi daga masallacin unguwa. Mahauta ba su yi yanka ba ranar. Tun da nake ban taɓa ganin garin nan ya wuni babu nama ba sai a kansa.

A cikin gida wasu tsofaffin mata da ba danginmu ba su suka fi kowa kuka, har matar Yaya ta koma tana ba su haƙuri. A waje kuma wani Bafillace da ya daɗe yana sayar masa da shanu ya taho a ƙafa tun daga Ruma, ya jingine sandarsa, ya zauna. Can ya share ido da bakin rawani ya ce, “To yanzu da wa zan yi faɗa ran kasuwa?”

Ranar uku wani dattijo ya zo daga Batsari. Da aka shafa fatiha ya dube ni ya ce, “Wai shi ne mai gudun nan?” Na ce shi ne. Samarin da ke zaune a gefe suka sunkuyar da kai suna danne dariya, ciki har da jikokin mamacin. Dariyar nan ce ta sa na ce sai na rubuta abin da na sani. Waɗanda suka ga ranar da idonsu sun fara ƙarewa, ga shi ana ta maganar Turawan ma za su tafi, kuma ba na so labarin ya bi su.

Ban ga laifin samarin ba. Duk wanda ya san Yaya ba zai yarda ya taɓa ɗaga ƙafa da sauri ba. Mutum ne mai jiki, tumbi a gaba, in yana tafiya sai ka ce ƙasar yake tausaya wa. In aka aiko kiransa ya ce “ina zuwa”, wanda ya san hali sai ya je ya yi la'asar ya dawo. Ko damben da aka san mahauta da shi bai yi ba, wai yawon ƙauye-ƙauye ya yi masa yawa. An taɓa samun wani sa ya tsinke igiya a mahauta, kowa ya watse, har Sarkin Pawa ya haye katanga. Yaya yana tsaye yana wasa wuƙarsa, ya ce a ƙyale shi, in ya gaji zai dawo.

Matan da suka yi ta kuka kuwa, zawarawa ne da ba su da mai ciyar da su. In kasuwa ta watse Yaya yakan ware ƙashi da ɗan tumbi da huhu, ya ƙunshe a ganye, ya jira wucewarsu. “Ke, zo ki ɗauke mini wannan abin, ƙuda ya dame ni.” In ta buɗe baki za ta gode sai ya haɗe rai ya ce shara ta kwashe masa, shi ne ma ya kamata ya gode. Faɗansu da Bafillacen Ruma kuma a kan wata farar saniya ne da aka yanka tun ina yaro. Yaya ya ce tsohuwa ce, ko haƙori babu, shi kuwa ya rantse karsana ce. Duk ran kasuwa sai sun tada maganar har jijiyar wuya ta fito, sa'annan su raba goro ɗaya.

Yaya ne ya rene ni. Ban san Babanmu ba, Inna kuma ta rasu ina ƙarami. Na tashi da ciwon ƙirji, da iska ta ɗan yi sanyi sai a ji numfashina daga zaure. Saboda haka ya ɗauke ni daga bakin tukubar tsire, ya ce hayaƙi ba nawa ba ne, ya kai ni koyon ɗinkin hula. Shi ya yi mini aure, kuma matata tana da cikin fari lokacin da abin ya faru.

Yaƙin Turawa ya yi tsanani a shekarun nan, aka fara diban gwamna. Kowane gari sai ya ba da maza a kai su Jos haƙar kuza. Mun ga waɗanda suka dawo daga diban farko, sun rame sai ido, wasu kuma ba su dawo ba, sai dai aka ce sanyin dutse ya kama su. Da aka zo na biyu, dagaci ya ce gidanmu mutum ɗaya, kuma ni aka nuna domin ni ne matashi. Babu wanda ya faɗa a gabana, amma kowa ya sani, har ni, cewa in na hau dutsen nan da wannan ƙirjin ba zan sauko ba.

Yaya ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi zauren dagaci, inda malamin da Bature ya wakilta don diban mutane yake zaune. Ya durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe, an ce mutum guda daga gidanmu. Ga ni.”

Malamin ya dubi tumbin, ya dubi furfurar gemu, ya tuntsire da dariya. “Kai? Ƙarti Bature ya ce a kawo masa, ba mai cinye abincin mutum uku ba. Ko bakin gari ba za ka kai ba.”

Yaya ya ce, “A gwada ni.”

A lokacin an gama sabuwar hanyar mota daga Safana zuwa Batsari, wadda mu muka ɗauki tsakuwarta a ka. Baturen hanyar mutum ne mai son guje-guje, ya sa sanƙira ya yi shela cewa za a yi tseren ƙafa daga kasuwar Safana har ƙofar gidan hakimi a Batsari, wanda ya fara zuwa yana da rago da riga. Ranar ce kuma za a tara mutanen diba a can. Sai malamin ya ce, “To ga gwaji. Ka bi samari ran tsere. In ka taka Batsari kafin a buga ƙarfen tsakar rana, na rantse da Allah in ɗauke ka in bar ƙanenka.” Wasa yake yi, zaure duk aka yi dariya. Yaya ya juya ya dubi mutane ɗaya bayan ɗaya ya ce, “Jama'a, kun dai ji ya rantse.”

Yaran yanzu da ke gudu a filin makaranta ba za su gane nauyin abin ba. A wurinmu magidanci ba ya gudu. Yaro ke gudu, da ɓarawo, da mahaukaci, sai kuwa in gobara ta tashi. Mutum mai iyali ya ɗage wando ya bi hanya yana haki a gaban mata da yara, wannan zubar da girma ne da ba a kwashe shi. Na sami Yaya a zaurenmu na ce wallahi gara in tafi in mutu da a riƙa nuna shi da baki. Ranar ce kaɗai ya taɓa ɗaga mini murya.

“Wa ya tambaye ka? Ranar da Inna ta damƙa mini kai ba ta nemi shawararka ba, ni ma ba zan nema ba. Tashi ka ba ni wuri.”

Kwanakin da suka rage ya riƙa fita bayan gari da sunan duba shanu, yana gwada ƙafarsa. Wasu mata masu itace suka hango shi yana tafe a guje, suka zubar da kaya suka ruga gari suna ihu, don a ganinsu abin da zai koro wannan mutumin ba ƙaramin abu ba ne. 'Yan uwansa mahauta kuma suka taimake shi da irin taimakon da suka sani. Da safiyar tseren suka cika shi da balangu da fura mai kauri wai don ya yi ƙarfi, suka sa baduku ya ɗinka masa sabon takalmi na fatar sa.

Ni an riga an kora mu Batsari tun ana gobe tsere, don haka abin da ya faru a hanya daga bakinsa na ji, da bakin waɗanda suka gan shi. Bazara ce, rana tun daga fitowarta take cizo. Da aka busa usur samari suka tashi kamar an watsa kaji, 'yan farauta da 'yan dambe da makiyaya, kafin ya fita daga kasuwa babu ko ɗaya a gabansa. Mutane suna tsaye bakin hanya suna tafa masa, ba tafin yabo ba. Sabon takalmin ya fara yanka masa dunduniya tun bai yi nisa ba, ya cire ya jefar, ya ci gaba da tafin ƙafa a kan jar tsakuwa. Can gaba kaɗan furar da balangun suka dawo ta inda suka shiga. Ya ce yana durƙushe yana amai ya yafe wa kowa a duniya ban da Sarkin Pawa.

Bayan nan sai jiki ya fara kawo ƙara wuri-wuri. Wani abu ya soke shi a ƙarƙashin haƙarƙari, ya ce ya san wurin sarai, nan yake sa wuƙa in zai ɓare ƙirjin rago. Cinyoyinsa suna gugar juna har suka saɓule, gumi yana shiga ciwon. Numfashi ya ƙi isa, ya buɗe baki yana jan iska mai zafi, zuciya tana dukan kunnuwansa. Ya ce ya yi niyyar zama a gindin wata bishiya, sai ya tuna in ya zauna to ni ya zaunar a motar Jos. Daga nan ya daina ƙoƙarin gudu irin na samari, ya kama sassarfa irin ta jakin fatake, ƙafa ba ta tashi sosai daga ƙasa, yana jan salati daidai da taku. Bai ankara ba sai ga shi yana wuce samarin ɗazu, wani kwance a inuwa, wani yana ɗingishi yana riƙe da ciki. Ba shi da agogo, inuwarsa yake kallo tana gajarcewa.

Ya wuce rabin hanya, har ya fara ganin abin zai yiwu, sai ya hango jaki a ɗaure a gindin wata tsamiya, da wani tsoho zaune a kan buzu daf da bakin hanya. Surukinsa ne, uban matarsa. Ƙauyensu can wajen Babban Duhu yake, ba abin da zai kawo shi hanyar Batsari da wannan ranar.

Kowa ya san yadda ake da suruki. Ba ka wuce shi a tsaye, ba ka haɗa ido da shi, ba ka yi masa musu. Ka durƙusa nesa kaɗan, ka gaishe shi, kuma ba ka tashi sai ya sallame ka. Yaya ya ratse daga hanya ya durƙusa, ƙirjinsa yana sama yana ƙasa.

“Ina kwana, Baba.”

“Lahiya lau. Ina gajiya?”

“Babu gajiya.”

“Madalla. Ya mutanen gida? Ya yara? Ya muka ji da zahin ga?”

Tsohon ya tambayi kasuwa, ya tambayi lafiyar limamin Safana, ya tambayi ko rijiyar unguwa ta ƙafe. Ya ɓare goro a hankali, ya tauna, ya sake komawa kan ina gajiya. Samarin da Yaya ya wuce suka zo suka wuce shi suna waiwaye. Yana kallon inuwarsa tana shigewa ƙarƙashinsa, yana amsa lafiya lau, lafiya lau. A nan ya gane tsohon bai zo shan iska ba. Ya san ba za a taɓa wuce shi ba, shi ya sa ya shimfiɗa buzunsa a wurin.

Da gaisuwa ta ƙare ƙarƙaf, tsohon ya ce, “Na ji wai kana neman a tahi da kai Jos. Ni kai na ba ɗiyata, ban ba gwamna ba. Ga ta da yara ƙanana. Zamna nan mu sha inuwa har rana ta karya, sa'annan in sallame ka.”

Yaya bai ɗaga kai ba. Ya ce, “Baba, in ka ce in zauna na zauna, ba zan motsa ba sai da izininka. Ni in na tafi, da yardar Allah zan dawo mata. Yaron nan in ya tafi ba zai dawo ba, kai ma ka sha jin numfashinsa. Abu ɗaya nake roƙo. Ranar da aka kawo labarinsa, kai za ka shiga ka gaya wa matarsa, don ni ba zan iya ba.”

Tsohon ya shafa gemu. Ya dubi jinin da ke bin tafin ƙafar Yaya, ya dubi hanya, ya tofar da goro. Ya ce, “Tashi ka tahi.”

Yaya ya yunƙura, ƙafa ta ƙi. Dogon durƙuson nan bayan gudu ya sa sha-raɓarsa ta dunƙule ta yi tauri kamar dutse, ya faɗi a gefe yana cije baki don kada ya yi ƙara a gaban suruki. Sai tsohon ya taso daga kan buzu, ya zauna a ƙasa, ya ɗauki ƙafar mijin 'yarsa ya ɗora a kan cinyarsa, ya zuba ruwa daga gora ya kama murzawa. Ba a taɓa yin haka ba a ƙasar nan. Wasu masu wucewa da suka gani sai suka kau da kai suka ƙara sauri. Yaya ya sha gaya mini cewa duk wahalar ranar babu wadda ta kai wannan, ya rufe fuska da hannu yana cewa, “Baba ka bari, Baba don Allah ka bari.”

Tsohon ya ce, “Rufe idonka, ni ma na rufe nawa.”

Ya murza ɗaya, ya murza ɗaya, har jijiya ta saki. Ya ba shi sauran ruwan ya sha, ya kama hannunsa ya tashe shi. Yaya ya taka hanya ke nan sai ya ji muryar tsohon a bayansa: “In ka sake tsayawa gaida wani kahin Batsari, ban yahe maka ba!” Shi ya sa ranar ya wuce dattawan ƙauyuka biyu ko kallonsu bai yi ba, abin da daga baya sai da ya bi su gida-gida yana ba da haƙuri.

Sauran hanyar ya ce bai riƙe komai ba sosai. Gumi ya daina fita, harshe ya bushe ya manne a dasashi, ƙafafun kuma ya daina jin su, yana dai ganin suna tafiya. Ya faɗi ya tashi, ya sake faɗuwa. Wata mai tallar nono ta watsa masa ruwan wankin ƙwarya a ka, bai ma ga fuskarta ba.

A Batsari kuwa tuni an ba da rago da riga, Bature ya tafi bariki cin abinci. Mu mutanen diba muna zaune a jere a ƙofar gidan hakimi, kowa da ƙunshin kayansa. Ƙarfen yana rataye a jikin bishiya, dogari yana tsaye kusa da shi da guduma, malamin diba yana duba agogonsa. Ni ban san abin da nake roƙo ba. Ina so in rayu in ga abin da matata za ta haifa, kuma ba na so Yaya ya iso. Sai muka ji hayaniya daga kudu, mata suna guɗa ta kan katanga. Na miƙa wuya na hango shi. Ba gudu yake ba, ba kuma tafiya ba, jikinsa ya karkace gefe ɗaya, wandonsa duk jini, bakinsa a buɗe, mutane sun biyo shi a baya babu mai dariya.

Malamin ya ce, “Lokaci ya yi. Buga.”

Dogarin ya ɗaga guduma, sai ya sauke ya ce rawaninsa ya kwance, kuma ba ya buga ƙarfen hakimi da kai a tsiraice. Ya ajiye gudumar, ya warware rawanin gaba ɗaya, ya fara naɗawa daga farko, a nutse. Yana soke bakin rawanin, Yaya yana dafa bishiyar. Sa'annan ƙarfe ya yi ƙara.

Malamin ya dubi jama'a, jama'a suka dube shi. Ya sa agogo a aljihu ya ce rantsuwa ya yi, ba yadda zai yi da ita.

Na ɗauka Yaya zai zube a nan, amma bai zube ba. Ya saki bishiyar ya biyo layinmu yana duba fuskoki kamar bai san ni ba, har ya zo kaina. Ya taɓa ni da ƙafarsa mai jini, ya ce, “Tashi mini daga wurina.”

Na tashi, ya zauna. Ya jawo ƙunshin kayana ya ɗora a cinyarsa, har da bargon da matata ta sa mini. Da la'asar aka tafi da su.

Watannin da aka ce za su yi sun wuce, aka ƙara wasu. Matata ta haifi ɗa namiji, surukin Yaya ne ya zo ya tsaya a madadinsa ranar suna. Da Yaya ya dawo ana tsakiyar damina, rigarsa ta yi masa yawa, tumbin nan babu shi, sai daga baya ya mayar da abinsa. Ya dawo wa matarsa kamar yadda ya yi alkawari, ya koma mahauta, ya aurar da 'ya'yansa duka. Amma ya sauko daga dutsen da tari, kuma tarin bai sake shi ba har ya zama ajalinsa. Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da nasa. Shekara da shekaru, duk asubar da ya tashi yana yi ina ji, kuma na san nawa ne ya ɗaukar mini.

Allah ya gafarta maka, Yaya, ya haskaka makwancinka, ya shayar da kai ruwan da babu ƙishirwa bayansa. Ni dai ga ni nan da raina, da furfurata, jikokina suna wasa a tsakar gida.